Ku Tambayi Kawu: Me safar hannu da ƙwarangwal ke nema a darasin ɗinki?

TAMBAYA: Salam Kawu barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina karantar zanen kaya da ɗinki a wata makaranta nan Yaba, gidanmu Idi-Araba. Lakcaranmu ya bamu aiki akan hotunan ɗab'i na wasu Turawa wai su 'yan Simbolizim, yace mu nuna yanda suka haɗa kwalliyar zamaninsu da ɓoyayyar ma'ana. Na yi ta dubawa a waya har data ta ƙare, ni dai mata nake gani da dogayen riguna, sai ƙwarangwal, sai wasu abubuwa kamar mafarkin mai zazzaɓi. Dan Allah Kawu meye haɗin wannan da ɗinki?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya bada sa'ar karatu. Haɗi kam akwai, kuma in kika gane shi wallahi ko yadi kika je saye Balogun kallon da zaki masa daban ne.

Mu fara daga gida. Kin sha jin ana cewa duniya budurwar wawa ko? Toh tsaya ki kalli maganar nan da kyau. Duniya ba ta da fuska ba ta da ƙugu, amma Bahaushe ya maida ta mace, ya sa mata kwalli, ya ɗaura mata zani mai sheƙi, don dai ki gane tana ruɗin wanda bai da wayo. Masu waƙoƙin wa'azi na da ma haka suke kawo ta, tsohuwa ce ta ci ado ta ɓoye tamoji, sai ka matso kusa ka ga abinda ke ƙarƙashi. Malaman adabi mutuntarwa suke ce ma wannan. Turawa ma suna da nasu tun tuni, har wani ɗan Italiya Cesare Ripa ya fitar da kundi guda a 1593 kamar littafin sitayil na tela, in Adalci zaka zana ga kayan da zaka sa mata, in Gaskiya ce ga abinda zata riƙe. Matar nan ta ƙofar kotu mai ido a ɗaure, sikeli a hannu ɗaya takobi a ɗayan, 'yar irin wannan gidan ce. Ma'anarta guda ɗaya tak, an riga an yanke, kowa ya sani.

Su 'yan Simbolizim cewa suka yi wannan ya yi musu kaɗan. Ranar 18 ga Satumba 1886 wani marubucin waƙoƙi Jean Moréas ya fitar da manufarsu a jaridar Le Figaro ta Faris, kuma kalmar da ya zaɓa ita ce tufatarwa, yace aikinsu shine su tufatar da tunani da siffar da mutum zai iya gani ya ji a jikinsa. Kinga tun daga tushe da yarenku na teloli suka buɗe baki. Abinda suke so shine hoto ya zama kamar habaicin da ba a kama suna ba, ya bi ki har gida, ki kwanta yana miki yawo a rai, ke ki ɗauki wata ma'ana ƙawarki ta ɗauki wata.

Kuma ki tuna wane zamani ne. Charles Frederick Worth ya buɗe gidan ɗinkinsa a Faris a 1858, shine ake cewa ya fara maida tela babban mutum mai sa sunansa a jikin riga. Manyan kantuna irin Le Bon Marché sun cika da mata, mujallun kwalliya na fitowa, rinin kemikal da William Perkin ya gano a 1856 ya kawo kaloli masu ihu a farashi mai sauƙi, yayi na canzawa duk shekara, ga koset ana matse ciki da shi har numfashi ya yi wuya, shi dai koset ɗin nan da ya dawo yanzu amare suka hana telolin Legas barci a kansa. Hatta hulunan matan nan da gashin jimina ake ƙawata su, kuma wani kaso na gashin nan daga ƙasarmu ya fita, fatake ke ɗaukarsa daga Kano da Borno su ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Toh sai masu zanen suka daina sa ma Mutuwa da Sha'awa da Kwaɗayi mayafin Girkawan da, suka ɗinka musu kayan da ake yayi a titi a ranar. Wannan shine zuciyar aikin da aka baku.

In ni ne ke, da Max Klinger zan fara, Bajamushe ne ɗan Leipzig, an haife shi 1857. Yana da shekara 21 ya nuna wasu zanuka guda 10 a Balin a 1878, ya buga su a 1881, tun kafin ma a raɗa wa tafiyar suna, kuma duk goman akan safar hannu guda ɗaya ce ta mace. Ki nemo su ki jera su ki bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko filin wasan takalmi mai taya ne, mutane sun ci gayu suna tsaitsaye, ba komai. Na biyu wata mata ta ba mu baya tana tafiya a kan tayoyinta, doguwar rigarta ta bi jikinta, safarta ta faɗi ƙasa, wani mutum ya sunkuya da sauri zai ɗauka har hularsa ta faɗi. Daga nan matar ta fita daga labarin, safar ce ta gaje ta. Sai ga mutumin a gado ya kifa fuska a tafin hannu safar na gabansa, sai ga ta a teku ana guguwa yana cikin kwalekwale yana ƙoƙarin tsamo ta, sai ga ta ta riƙe linzami tana tuƙa keken dawaki kamar sarauniya, sai ta zo masa cikin mugun mafarki ta kumbura ta zama ƙatuwa, a na tara kuma wata halitta mai fiffike kamar jemage ta figo ta a baki ta tashi cikin dare, hannuwan mutumin biyu sun fasa gilashin taga suna miƙa basu kai ba. Ni duk sanda na kai wannan na taran sai na ji wani abu ya tsaya min a maƙoshi, domin duk wanda ya taɓa ajiye ɗankwalin mahaifiyarsa bayan ta rasu, yana buɗe akwati yana shinshina, ya san kaya na iya riƙe mutum gaba ɗayansa. Ba wanda zai ce miki safar nan ma'anarta kaza. So ne, tsoro ne, rashi ne, duk suna ciki, kuma abun sawa ne na kanti da kowace mace mai hali take da shi a lokacin.

Sai Félicien Rops na Beljiyam, 1833 zuwa 1898. Shi ne mai ƙwarangwal ɗin da kika gani. Ya zana Mutuwa ta sa hular gayu ta ɗaga siket tana rawa, ya kuma yi ta maimaita wata mata mai matsattsiyar riga da doguwar safar hannu ta ɗaga namiji a hannu ɗaya kamar 'yar tsana. Hannunsa gwani ne, ba musu, yana sanin inda yadi ke tattarewa da inda yake sakewa fiye da teloli da yawa. Amma 'yata kar ki haɗiye saƙonsa ba tauna. Lokacin ciwon tunjere na kashe mutane a biranen Turai ba magani, maza na zuwa gidajen banza da ƙafarsu, amma a hoton Rops mace ce kullum shaiɗaniyar, namiji kuwa bawan Allah ne da aka yaudara. Wannan rashin adalci ne, kuma yana min ciwo don har yau muna yinsa, abu ya lalace a ce shigar mata ce. Ki rubuta wannan a aikinki kai tsaye, ke mai ɗinka ma mata kaya ce, kina da hakkin faɗa.

Aubrey Beardsley ɗan Ingila shi zai fi miki amfani ta wajen yanka. Tarin fuka ya kashe shi a 1898 yana da shekara 25 kacal. A zanukan da ya yi wa littafin wasan kwaikwayon Salome na 1894 akwai wanda ake kira siket ɗin ɗawisu, rigar ta faro siririya daga kafaɗa ta kwararo ta buɗe ta cinye rabin takarda da idanun gashin ɗawisu, mutumin da ke tsaye gabanta har ya zama ƙarami. Girman kai da jan hankali da barazana duk a faɗin siket aka faɗe su, fuskar ba ta yi aikin komai ba.

Abu ɗaya zan ja miki kunne akai, kala. Edvard Munch na Noway yana da wani bugun katako na 1898, mata biyu a bakin ruwa, budurwa a tsaye cikin fararen kaya tana kallon teku, tsohuwa a zaune gefenta cikin baƙaƙe fuskarta kamar ƙoƙon kai. A wajensu fari budurci ne baƙi makoki. Mu kuwa fari shine likkafani, shine harami, shine kayan Juma'a, baƙar abaya kuma ita ake sawa a tafi biki, mai takaba ma ba da baƙi ake gane ta ba, da barin ado ake gane ta wata huɗu da kwana goma. Nan Legas in kika ce fari daga sama har ƙasa wani Eyo zai tuna, dodon bikin Yarbawan Legas mai fararen kaya. Don haka in lakcara yace ku ɗinka wani abu daga wannan darasin, kar ki kwaso kalolinsu ki juye, ki tambayi kanki wace kala ce ke magana a Idi-Araba.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. 'Yata ce ke irin wannan karatun na zane, na ɗauki wayarta na ga wasu hotunan Turawa na da, wasu ba kyan gani sam, tace min wai aikin makaranta ne. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, kuma damuwarki a kan hanya take. Gaskiya ne a cikin ayyukan mutanen nan akwai na tsiraici, musamman shi Rops yana da waɗanda batsa ce zalla, da ta buga sunansa a intanet za su fito mata ko bata nema ba. Kar ki fara da faɗa, ki zaunar da ita ta nuna miki takardar aikin da aka basu. Za a iya yin aikin nan tsaf da safar Klinger da matan Munch na bakin ruwa da fostar Toorop da zan yi bayani a ƙasa, ba sai an taɓa waɗancan ba. Maganar hukuncin zana mai rai kuma ta malamai ce, ku je tare ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, Agege ba a rasa su ba.

TAMBAYA: Kawu ni yaron shago ne a Shomolu, muna buga kalanda da katin biki da fosta. A fitowar baya kace injin ofset ɗinmu jikan dutse ne, ogana yayi dariya yace in tambaye ka wane dutse. Sannan in hoto an buga shi kofi ɗari ya za a ce masa orijinal?

AMSA: Ka gaida ogan naka, ka ce masa dutsen farar ƙasa ne na Bavaria a Jamus. Alois Senefelder ne ya gano dabarar a 1796, kuma sirrin bai wuce abinda kowace mai wanke-wanke ta sani ba, mai da ruwa basa haɗuwa. Ana goge dutsen ya yi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ƙaro da ɗan asid, a jiƙa shi da soso, sai a bi da rola mai tawada. Inda maiƙo yake tawada ta kama, inda ruwa yake ta ƙi, a ɗora takarda a danne. Eh ƙaro dai, wanda almajirai ke sawa a tawadar allo, wanda ake tsinta a jikin dakwara a Yobe da Borno da Jigawa.

Ni da idona na fara ganin wannan a Shomolun taku ina saurayi. Wani dattijo mai injin ya ɗauko filet sabo, wato farantin bugu, ya ajiye a tebur, kusan ba a ganin komai a jiki sai inuwa-inuwa, ya tsoma soso a bokiti ya shafe shi, ya lakato baƙar tawada da tsumma ya goga ko'ina ba tare da ya zaɓi waje ba, ina tsaye ina jiran filet ya ɓaci, sai ga rubutu da fuskar amarya sun fito tar, sauran wajen kuma fes. Har yau ina jin warin tawadar nan da kananzir ɗin wanke rola. Toh filet ɗinku na alminiyam shi ya gaji dutse, rolar ruwan nan ita ta gaji soso, gam ɗin da kuke shafa ma filet kafin ku ajiye shi ya gaji ƙaro, bargon roba ne kawai aka ƙaro a tsakani, shi yasa ku ba sai kun yi zane a juye ba, su kuwa dole komai a juye suke zanawa kamar a madubi.

Da irin wannan dutsen Odilon Redon na Faransa ya buga kundinsa na farko a 1879, hotuna 10 baƙi da fari, kuma baƙinsa wani irin baƙi ne mai laushi kamar karan-miski. Klinger da Rops su jan ƙarfe suka fi amfani da shi, a rufe farantin da kaki, a yi zane da allura, a tsoma a asid ya cinye inda allura ta bi, a cusa tawada a ramukan a goge sama. Munch kuma katako yake sassaƙawa, sai ya sa ƙaramin zarto ya yanka shi gida-gida, kowane yanki ya sa masa kalarsa, ya maida su ya haɗe ya buga sau ɗaya.

Batun orijinal kuwa, ai babu wani hoto can a ɓoye da ake kwafa, mai zanen da hannunsa ya yi aikin a jikin dutsen ko farantin, kowace takarda da ta fito ita ce aikin. A zamaninsu ne ma aka fara yawaita ƙayyade adadi da sa hannu da fensir, akwai wani jerin bugu a Faris daga 1893 zuwa 1895 da kowane hoto kofi 100 ake yi a tsaya. In kana son ganin mai wannan sana'ar a kusa, ga Bruce Onobrakpeya, an haife shi 1932, a Zariya ya yi karatun zane, ya daɗe yana koyarwa a St Gregory's a Obalende, ɗakin aikinsa na Mushin. A 1967 asid ya ɓata masa faranti, wajen gyarawa ya gano sabuwar hanyar bugu mai zurfi da ta zama tambarinsa. Shi ba ɗan waccan tafiyar ta Turai bane, tatsuniyoyi da alamomin Urhobo yake bugawa, amma ka nemi aikinsa ka gani ko sau ɗaya.

TAMBAYA: Malam ni atamfa nake saidawa a Balogun shekara da shekaru. Jikata tace wai zanen jikin atamfar Holan ma yana da alaƙa da irin hotunan nan da suke karantawa. Da gaske ne ko surutun 'yan boko ne?

AMSA: Hajiya barka da kasuwa, jikarki bata yi ƙarya ba, sai dai dangantakar ta 'yan uwan kaka ce, ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. Inda suka haɗu shine tsibirin Java a Indunusiya, wanda Holan ta mulka. Can ake yin batik, a zana yadi da narkakken kaki a tsoma a rini, inda kaki yake rini bai shiga, kusan yanda matan Abeokuta ke yin adire da kullun rogo. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a Holan tun 1846 ya so ya kwaikwayi batik da inji ya sayar can, kasuwar da ta karɓe shi hannu biyu kuwa sai ta zama tamu ta Afirka ta Yamma.

A ɗaya ɓangaren akwai Jan Toorop, babba ne cikin 'yan Simbolizim na Holan, shi kuma a Java aka haife shi a 1858. A 1894 ya yi ma wani kamfanin man girki na Delft fosta da bugun dutse, mata biyu, ɗaya na zuba mai a kwano, gashinsu da rigunansu sun zama layi-layi masu lanƙwasa sun cika takardar ba inda aka bari fili, hannuwansu sirara dogaye irin na 'yan tsanan wasan inuwa na Java. Ki sa a nuna miki a waya, wallahi ki rufe fuskokin da yatsa zaki rantse turmin atamfa ne. Fostar ta yi suna har mutanen Holan suka riƙa kiran salon gaba ɗaya salon man salak. Man kuma na gyaɗa ne, ga 'ya'yan gyaɗar nan ma a zane a jiki, tun lokacin dalar gyaɗa bata tashi a Kano ba, don jirgin ƙasa sai 1911 ya isa can.

Amma ni a ganina wajen ma'ana ku kuka fi su, ku mata 'yan kasuwa. Bature a Helmond zane kawai yake yi ya sa lamba, matan kasuwar Lome da Abijan ne suka raɗa ma wani idon kishiyata, wani mijina mai iyawa ne, wani kuma mai tsuntsaye biyu suna fita daga keji suka ce masa in ka fita in fita. Mace ta ɗaura shi ta wuce ta gaban miji ko kishiya bata ce uffan ba, saƙo ya isa. Haka telolinmu masu aikin hannu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, wadda ake dangantawa da kariya, haka takalmin gashin jimina a ƙafar Sarkin Kano.

Bara na raka ƙanwata Balogun haɗa lefen ɗanta, ta ɗauko wani turmi mai kyau shuɗi da ruwan ƙwai ta riƙe ta ƙi saki, mai shagon wata dattijuwa ta karɓe shi a hankali ta warware yadi ɗaya ta nuna mata tsuntsun da ya kama hanyar fita daga keji, tace Hajiya wannan ba na akwatin amarya bane, ta maida shi can sama ta sauko mata da wani mai kaza da 'ya'yanta. Shi muka saya, turmi biyu.